Numfashin Ba Nawa Ba Ne

Zuwa ga ɗan'uwana Haruna ɗan Inna Dije, a Damagaram, ko duk inda wannan takarda ta riske ka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar wa ga ƙane, tare da fatan kana cikin ƙoshin lafiya da rufin asiri. Mu nan Makka lafiya lau, sai dai rashin da muka yi, wanda na sanar da kai sati uku da suka wuce. Na ga alamar ka buɗe saƙon. Ba ka ce uffan ba, kamar yadda ba ka ce ba shekara huɗu ke nan.

Tun da ka ƙi ji a ɓoye, yau zan faɗa a fili, a shafin nan da mutane ke bina saboda fina-finan dolfin da suke zaton ni na ɗauka. Ba su san ka ba, ko sunanka ba su taɓa ji ba. Don haka ka yi haƙuri in maimaita maka abin da ka fi ni sani.

Nono ɗaya muka sha a unguwar Tandabawi. Inna Dije takan fita tun safe ta sayar da hatsin tantabaru a wajen Harami, ta bar ka a hannun Ummata, Umma kuwa ba ta iya jin kukan jariri ta ƙyale. Wata huɗu na ba ka, da su nake taƙamar ni ne babba har yau. Bambancinmu ɗaya ne, kuma muna yara ba mu san da shi ba. Kakana ya zo daga Kano da ƙafa tun zamanin da, ya samu takardar zama ɗan ƙasa, muka gada. Inna Dije ta zo aikin Hajji daga Damagaram ta zauna, mahaifinka ya rasu bai gyara komai ba. Unguwa ɗaya aka haife mu, ni da kati, kai babu.

Ka tuna tabon girarka ta hagu? Ni na yi maka shi da murfin gwangwani, a kan wata tantabara da kowannenmu ya ce tasa ce. Jini na zuba, Umma ta fito da tsintsiya, sai ka ce mata faɗuwa ka yi a matakala. Tun a ranar ya kamata in gane cewa a tsakaninmu kai ne mai rufa asiri, ni ne mai amfana.

Da muka tasa na gaji shagon tsiren Baba a Utaibiyya. Kai kuma ka samu wata tsohuwar kyamara kana zuwa Arfa, kana ɗaukar alhazai hoto kusa da raƙumin nan da ake yi wa ado da furannin roba. Kana cewa duk alhaji fuska ɗaya yake yi, rabi tsoron Allah rabi tsoron raƙumi. In aikin Hajji ya wuce sai ka gangara wani ƙauyen masunta kudu da Jidda, kana taya wani dattijo, Am Salim, jan koma a Bahar Maliya.

Daga can ka dawo wata rana ka zauna a bencin shagona, na miƙa maka tsire mai zafi ka ture. Ka ce kun tarar da wata dolfin, irin dabbar tekun nan da masuntan can ke kira Abu Salama, ta mutu a cikin yagaggiyar koma da wani ya jefar a ruwa, ɗanta na ta zagaya gawar yana tura ta da baki. Na ce maka kifi ne fa, Haruna, kifi nawa ka kashe da hannunka? Ka dube ni ka ce, “Ba kifi ba ne ya shekh. Nono take bayarwa, kamar Umma.” Na yi dariya. Ban san a ranar teku ta ƙwace ka daga hannunmu ba.

Ka koyi nutso, ka koyi ɗaukar hoto a ƙarƙashin ruwa, duk da kanka da taimakon masu zuwa yawon nutso da kake ɗaukar wa kaya. Amma aikin ya zo da takardu. Izinin ɗaukar fim na son lambar kati, yarjejeniya da gidan talabijin na son lambar kati, har sayen babbar kyamarar sai da suka nemi kati. A unguwarmu kuwa aron suna ba abin kunya ba ne. Wannan motarsa da sunan ɗan kawunsa take, wancan layin wayarsa da sunan maƙwabci, hayar gidan da Inna Dije ke ciki ma da sunan Baba aka kama. Da ka ce in ara maka nawa, ko tunani ban yi ba. Na sa hannu da yatsun da ke ƙamshin ƙuli-ƙuli da yaji, na koma kan gashin tsirena.

Shekara goma sha shida ka yi kana aikin nan da sunana. Ka gano cewa garken dolfin na shiga wani lungun ruwa mai sanyi da hantsi don su yi barci, masu jiragen yawon shaƙatawa kuma a daidai lokacin suke bin su da gudu don baƙi su yi ihu. Ka riƙa bin masu jiragen ɗaya bayan ɗaya kana nuna musu hoton bayan da farfela ta yanka. Ka riƙa haska wa masunta fim a jikin bangon gidan Am Salim bayan magariba, har suka yarda su daina jefar da tsohuwar koma a ruwa, su kawo ta gaɓa. Wasu sun zage ka, wani ya taɓa huda maka tayar mota. Ko a jikinka. Yadda kuma kake wuce masu gadin gaɓa ba kati, wannan kai da Am Salim da Allah kuka sani.

Abin da na fi tsokanarka da shi shi ne kwalin dabinon nan. Ka ce kowace dolfin da irin tsagar da ke fiffiken bayanta, babu biyu masu kama ɗaya. Sai ka yanka farin kwali ka yi wa kowacce kati: hoton fiffiken, suna, inda aka fara ganinta, alamarta, da ranar ƙarshe da aka gan ta. A cikin kwalin dabinon kake tara katunan. Sunayen matan Tandabawi ka raba musu kaf. Akwai Kande mai fura, akwai Tasalla, akwai wata ƙatuwa mai tsare 'ya'yan wasu da ka sa wa Umma, akwai siririya mai tsaga biyu da ka sa wa Dije. Na ce maka kifayenka sun fi ka takardu. Ka kwashe da dariya ka ce, “Aiwa, ni ne ofishin igamarsu, mai ba su takardar zama, kuma ni ba na korar kowa.” In wata ta ɓace shekara da shekaru, ba ka taɓa rubuta ta mutu ba. Sai ka rubuta: ba a sake gani ba tukuna. Na ce wannan wahalar da kai ne, ka ce teku na da faɗi.

Yanzu bari in faɗi nawa, don na san shi kake jira. Sunan ya yi mini daɗi. Ranar da aka fara nuna fim ɗinka a talabijin, na ga an rubuta Usman da manyan baƙaƙe, kaina ya kumbura. Masu sayen tsire suka fara kirana darakta. Na sa hoton dolfin a firam na rataye sama da tiren albasa. In masu bincike na ƙasashen waje suka aiko da tambaya, kai kake faɗa ni nake sa hannu. In 'yan jarida suka zo, sai ka zaunar da ni kwana biyu kana yi mini hadda kamar ɗan makaranta. Ni da ruwan teku bai taɓa wuce mini idon sawu ba, ni da ko kwale-kwale na hango cikina ke juyawa, na zauna a gaban mutane ina bayanin yadda uwa ke koya wa ɗanta numfashi. Kana tsaye a bayan ɗaki riƙe da jakata, suna ɗaukar ka direbana. Ban taɓa gyara musu ba.

Mun yi alkawari ɗaya, kai ka kawo shi, ka sa na rantse. Ka ce in aka taɓa kama ka aka kira ni, kada in jawo wa kaina da 'ya'yana da shagon masifa. Ka ce, “Halas ya Usman, kalma biyu ce. Ma a'rafo. Ban san shi ba. Ka faɗa ka yi shiru.” Har gwaji muka yi a shagon, kana kwaikwayon muryar jami'i, muna dariya.

Sai ga satin nan kafin Hajji, lokacin da ake tsaurara bincike a duk hanyar da ke shiga Makka. Am Salim ya kira ya ce igiyar ƙugiya ta naɗe wutsiyar ɗan da dolfin nan Dije ta haifa, tana cin namansa. Na ce maka ka bari a sauko daga Arfa, kwana goma ne kacal, hanya za ta saki. Ka ce, “Wutsiyar ba za ta jira alhazai ba.” Ka ɗauki jakarka. Inna Dije na kan tabarma tana jan carbi, ka durƙusa ka ce mata gobe da la'asar kana nan.

Da la'asar ɗin ina yanka nama wayata ta yi ƙara. Wani jami'i ne daga shingen hanyar Jidda, mai ladabi, har da tambayar lafiyata. Ya faɗi sunanka ya ce ko na san ka. Na faɗi kalma biyun nan sumul, ko muryata ba ta yi rawa ba. Da nan aka tsaya, da na cika alkawari. Sai ya ce, to ga kyamara a hannunka da takardar izini, duk da sunana, yaya aka yi suka zo wurinka? Wannan ba mu yi gwajinta ba, Haruna. Ina iya cewa na ba wani aro, ina iya cewa ban sani ba, ina iya yin shiru kamar yadda ka ce. Sai na ji bakina ya ce, ta ɓace mini sati biyu ke nan. Daga can gefe na ji tarinka. Ashe wayar a buɗe take, kana tsaye kana ji.

Da maganar nan tawa ka tashi daga marar takarda ka koma wanda ake tuhuma da sata. Waɗanda aka kama ku tare an yi musu tarhil, an sa su a jirgi cikin 'yan makonni. Kai ka ƙara wata uku a tsare, har sai da aka ce mai kaya ya zo ya janye. Na sa farar riga na je na sa hannu cewa na yafe maka satar kyamararka. Wanda ya karɓi takardar ya yaba mini, ya ce Allah ya yawaita masu yafiya irina. Na ce amin. Suka miƙo mini jakar, na rungume ta na fito, ban nemi ganinka ba. Daga nan kai ma aka sa ka a jirgi zuwa ƙasar mahaifiyarka.

A cikin kyamarar aikinka na ƙarshe yake. Minti arba'in kana bin ɗan nan a hankali, uwar na zagaya ka, har ya gaji ya tsaya ka yanke igiyar. Masu haɗa fim suka gyara shi ya zama mafi kyau a duk abin da ka ɗauka. Ya zagaya ƙasashen da ko a mafarki ba za ka samu bizarsu ba. Sunan da ke ƙarshensa nawa ne, kuma na bari.

Kai ma dai ba ka fita fes ba, kada shirunka ya ruɗe ka. Ka san hanyar, ka san lokacin, ka san tsohuwar da ka bari ba ta da kowa sai kai, ka zaɓi wutsiyar dabba. Na sha kwana da haushinka. Ni na riƙa ɗaukar Inna Dije a bayana ina sauko da ita matakalan unguwa in jikinta ya motsa. Ni na riƙa nemo mata magani ta bayan fage, tun da ba ta da katin asibiti. Kai kuma duk Juma'a sai ka kira ta ta wayar maƙwabciya, ka ce kada a ba ni. Ina tsaye a ƙofar ɗaki ina jin tana cewa to, to, Allah ya yi maka albarka. Ka hukunta ni, na cancanta. Amma ita me ta yi da za ta ƙare kwanakinta tsakanin 'ya'ya biyu da ba sa magana?

Idonta ya tafi gaba ɗaya a shekarar bara. Wata rana da hantsi ta ce in kunna mata fim ɗin da ake ta magana. Na ce Inna, ai ba abin ji a ciki, ruwa ne kawai da kiɗa. Ta ce in kunna. Na kanga mata wayar a kunne. Akwai wurin da kiɗan ke tsayawa, ba ka jin komai sai mai kyamara yana jan iska daga tukunyar bayansa yana saki, a hankali, don kada ya firgita ɗan. Ta riƙe hannuna ta ce in mayar. Na mayar sau huɗu. Sannan ta ce, “Haka yake numfashi in yana barci, tun yana goye.” Ta shafa fuskata ta ce, “Kai ma ɗana ne, Usman. Amma wannan numfashin ba naka ba ne.” Ba ta ƙara ko kalma ɗaya a kai ba har ta koma ga Allah. Da zagina ta yi, da na fi samun sauƙi.

An yi mata salla a Harami bayan la'asar, muka kai ta maƙabartar Shara'i. Ni na shiga kabari na karɓe ta. Kwana uku mutane na zuwa suna yi mini gaisuwa a matsayin ɗanta, ina amsawa. Har wannan ma na karɓe maka.

Wani ɗan Damagaram da ya zo Umara ya ba ni labarinka. Ya ce kana da ɗan shago kusa da tasha, da farin yadi a bango, kana ɗaukar maniyyata hoton fasfo. Ya ce Hausarka na ba su dariya saboda Larabcin da ke ciki, suna kiranka Balarabe. Ya ce in maniyyaci ya tambaye ka yaya Makka take, sai ka ce masa ya ɗaga haɓa ya daina motsi. Na tambaye shi ko akwai ruwa a garin. Ya ce akwai tafki, in damina ta yi kyau. Ranar ban buɗe shago ba.

Ga dalilin takardar nan. Ranar Alhamis mai zuwa an gayyace ni wani zaure a Jidda, za a ba ni allon girmamawa saboda shekarun da na yi ina kare dolfin na Bahar Maliya. Shekara huɗu ina gaya wa kaina ba zan iya faɗin gaskiya ba, don in na faɗa za a bi sawu a zo kan Inna Dije, ita ma a sa ta a jirgi. Akwai gaskiya a ciki, amma na fake da ita fiye da yadda ta kai. Yanzu Inna na cikin ƙasar Makka, babu mai iya yi mata tarhil. Ba ni da sauran abin fakewa.

Na san abin da zai iya biyo baya. Doka ba ta wasa da wanda ya ara wa marar takarda sunansa, shagon da Baba ya bar mini na iya rufuwa, kuma akwai takardar da na sa wa hannu a kan ƙarya. Matata ta yi kuka ta ce in bari yara su gama karatu. Babban ɗana ya ce wa zai amfana, tun da Baba Haruna ba zai dawo ba ko na faɗa ko ban faɗa ba. Gaskiyarsa. Wannan ba zai buɗe maka hanya ba, ba zai dawo maka da wata ukun ba, ba zai sa ka tsaya a kan kabarinta ba. Na dai aika wa masu taron da safiyar yau cewa duk fim ɗin da ke ɗauke da sunana, daga na farko har na ƙarshe, Haruna ne ya ɗauka, ni tsire nake gasawa. Kuma Haruna bai taɓa satar mini ko allura ba.

Am Salim ya tsufa ƙwarai, amma yana fita. Ya ce in gaya maka Dije mai tsaga biyu na nan, an gan ta da azumi. Ɗan ma ya girma, da zoben tabo a wutsiyarsa, yana bin kwale-kwalen har bakin lungu kamar mai neman wani. Ba shi da kati, don ba wanda ya iya aikin. Ba shi da suna ma, Am Salim ya ce ba zai sa masa ba, haƙƙinka ne.

Kwalin dabinon na wurina, a saman durowa, ban bari ko ƙura ta hau shi ba. Jiya bayan azahar na sauko da shi. A can ƙasa na tarar da fararen katuna guda uku da ka yanka ba ka cike ba. Na ɗauki ɗaya na cike da mummunan rubutuna. Suna, Haruna ɗan Dije. Inda aka fara gani, Tandabawi, Makka, a cinyar Umma. Alama, tabo a girar hagu, ba faɗuwa ya yi ba, ni na ji masa. Da na zo layin ƙarshe na daɗe riƙe da biro. Sai na rubuta abin da kake rubutawa: ba a sake gani ba tukuna.

Allah ya jiƙan Inna Dije da Umma, ya haɗa su a inuwa ɗaya kamar yadda suka haɗa mu. Allah ya tsare ka a ƙasar da ba ka zaɓa ba, ya sanyaya maka zuciya ko da ba a kaina ba. Allah ya sa ka sake jin gishirin teku a bakinka kafin ka bar duniya. Ni kuma Allah ya yafe mini maganar da na ƙara a kan kalma biyu. Yafiyarka ban roƙa ba, don na taɓa sa hannu a kan yafiyar ƙarya, na san ba a cikin takarda ake samunta ba. In ka ga dama ka kira, lambar ba ta canja ba. Ko ba za ka yi magana ba, ka kira ka yi shiru, zan gane numfashin.

Wassalam.

Yayanka da wata huɗu,
Usman mai tsire, Utaibiyya,
wanda bai iya iyo ba.